Kada Ki Toshe Ƙarƙashin Ɗakin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da iyalan gidansa da sahabbansa.

Daga Innarki a Tanut zuwa ga 'yata Rakiya. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida mijinki, ina gaida angona Habu, duk da ya yi mini rowar haƙoran nan nasa guda biyu, ya ƙi buɗe baki in gani. Allah ya tsare muku hanya daga nan har Kwatano, ya tsare motar da mai tuƙinta, ya sauke ku a hannun mutanen kirki.

Na cusa takardar nan a cikin gafakarki, don na san duk inda mota ta tsaya za ki buɗe ta. Ki karanta kafin ki isa. Kada ki bari sai kin sauke kaya kin huta. Kin san hannuna, ni na koya miki ajami, inda tawada ta yi kauri ki yi haƙuri ki bi a hankali. Na so in faɗa miki da baki. Sau uku ina kiranki ɗaki, sau uku ina ɓigewa da zancen kuka da daddawa.

Ranar da kika zo kina ba ni labarin ɗakin da aka ba mijinki a wurin aikinsa, kin ce na katako ne, rufin kwano, an ɗaga shi daga ƙasa a kan ƙafafu kamar kamu ɗaya da rabi, ƙarƙashinsa a buɗe, kaji na shiga suna fita. Kika yi dariya kika ce aikin da za ki fara ke nan, ki kwaɓa ƙasa ki yaɓe shi kewaye, kada wani abu ya shiga ƙarƙashin yaro. Kika ga na yi shiru, kika zaci kewa ce. Ba kewa ba ce kaɗai. Na taɓa zama a irin wannan ɗaki, na taɓa yin wannan yaɓen da hannuna, kuma a cikinsa yayanki ya rasu.

An gaya miki zazzaɓi ne ya ɗauke shi a Kurmi tun ba a haife ki ba. Ba ƙarya aka yi miki ba, amma ba a faɗa miki duka ba.

A lokacin mahaifinki yana kora shanu daga Tarka zuwa kudu. Daga baya ubangidansa ya zaunar da shi a wani gari kusa da Ikko, ya riƙa karɓar dabbobin da ke saukowa a jirgin ƙasa. Na haihu a gidanmu a Olelewa, na gama wanka, yaron ya kai wata shida, sai aka zo aka tafi da ni. Kusan kamar ke da Habu yanzu. Muka kama ɗaki a zango, a gidan wata tsohuwa Bayarabiya mai kyafa kifi, ana ce mata Iya Abeke.

Ba zan iya kwatanta miki ƙasar ba sai kin gani. Mu nan ruwa daga sama yake zuwa, ya zo ya wuce, yashi ya shanye, da hantsi ki taka wurin kamar ba a yi ba. Can daga ƙasa ma yana tasowa. Gishiri yakan narke a ƙwarya ba wanda ya taɓa shi. Ki shanya zani da safe, da la'asar ki ɗauke shi da sanyi a jikinsa. Ashana sai kin ɗora ta kusa da murhu kafin ta kama. Duk na ga wannan a makon farko, amma ban haɗa shi da ɗakin da nake kwana ba.

Abin da ya dame ni daban ne. Iya Abeke tana da kare da agwagi, kuma ƙarƙashin ɗakina suke shan inuwa. Ina sallah, in kai goshina ƙasa, in ji karen yana susa daidai inda nake sujada, katako ɗaya ne tsakaninmu. Na kasa samun natsuwa. Na sa mahaifinki ya tambayi limamin zango, liman ya ce katako ya raba, sallata ta yi, kada in ɗora wa kaina abin da ba a ɗora mini ba. Amsa ce mai kyau, da na tsaya a kanta. Sai na ga kamar liman ya yi mini sauƙi ne don ni mace ce baƙuwa. Na ƙara da tsoron maciji, da iskar da ke hurowa ta tsakanin katako tana taɓa yaron. Na roƙi mahaifinki ya samo mini jar ƙasa, ya kawo, ya tafi Kano tarar shanu. Na kwaɓa ta da ciyawa yadda muke kwaɓa ta rufewar hatsi, na bi gefe huɗu na yaɓe, ban bar ƙofar da yatsa zai shiga ba. Farkon damina ne, ƙasar da ke ƙarƙashin ta riga ta jiƙe sharkaf, na rufe ta a haka.

Na ji daɗin aikina, ba zan ɓoye miki ba. Matan zango 'yan arewa suka zo kallo, suna cewa 'yar Damargu ta iya yaɓe, ɗaki ya zama ɗakin mutane. Ɗaya daga cikinsu har ta yi wa nata.

Abin da ke ci mini rai, na san wannan tun ina yarinya. Kakanki a Olelewa a kan duwatsu yake ɗora rumbu, kuma duk wanda ya tura ko itace ɗaya a ƙarƙashinsa sai ya sha faɗa. In an yi ruwa, kafin ya sha fura zai je ya durƙusa ya zura hannu ya ji ko iska na ratsawa. A ƙasar da ruwa bai fi wata uku ba ke nan. Na san ba a toshe ƙarƙashin gero. Ban taɓa tunanin ɗan mutum ma haka ne ba.

To, Rakiya, waɗanda suka ɗaga ɗakin nan ba don sun rasa ƙasar yaɓe suka bar shi a buɗe ba. Ki bar shi yadda kika same shi. In kika tarar wanda ya zauna kafin ku ya toshe, ko da kwano ne ko da buhu, a buɗe kafin Habu ya kwana a ciki.

Na biyu, ruwa. Kin san yadda muke da shi. Ke kanki kin tsaya a bakin rijiya tun hantsi har azahar saboda tulu biyu. Da na je inda ruwa ke zuba daga kwano a banza, sai na zama kamar wadda ta samu dukiya. Na jera randa uku da tulu a jikin ɗakin, gefen da ruwan kwano ke sauka, ba na son ɗigo ɗaya ya wuce. Su cika su yi ambaliya a gindin yaɓen, ga tsatsafowar da randa ke yi dare da rana. Alwala kuwa a bakin ƙofa nake yi, in zubar a nan. Ruwan wanke-wanke, ruwan wankan yaro, duk a gindin ɗaki nake watsawa, yadda muke yi a gida yashi ya shanye. Can ba abin da ke shanyewa. Yana bin ƙarƙashin yaɓen ya shiga ciki ya kwanta, ba rana ba iska.

Ki nisanta randa da ɗaki, ko da taku biyar ne. Ki ɗora ta a kan duwatsu. Ki samu wuri ɗaya na zubar da ruwa inda ƙasa ta gangara waje. Ranar da aka fara ruwa mai ƙarfi, ki yafa wani abu ki fita ki tsaya ki ga inda ruwan kwano ke bi. In yana nufar ƙarƙashin ɗaki, a yi masa 'yar kwata da fartanya a juya shi. Wannan ba sai kin jira namiji ba.

Bayan kamar wata ɗaya da yaɓen, ɗakin ya fara wari, irin na tsohuwar rijiya da aka daina ja. Katakon ya yi sanyi, in na taka da ƙafa sai in ji yana ɗan mannewa. Maimakon in tambayi kaina daga ina, sai na ce sanyi ne ke shigowa ta tsagogin katako. Na yayyaga tsofaffin zannuwa na cusa a kowace tsaga da tsinke. Na shimfiɗa tabarma biyu, na ɗora buzu, na ɗora bargo, na ce yanzu yaro ya samu ɗumi. Ban ƙara ɗaga su ba. A nan gida wa ke ɗaga tabarma don ya duba ƙarƙashinta, in ba kunama yake nema ba? Tsummokaran suka sha laima suka riƙe, tabarmar ƙasa ta yi baƙi, ni ina share ta sama kullum ina ganin tsabta.

Wannan da zan rubuta yanzu shi ya fi mini nauyi. Wata safiya na ɗauko gafakata daga kusurwar da nake ajiye ta, na ga fatar ta yi kore da fumfuna. Na buɗe, takardun Alƙur'anin da kakanki ya ba ni sun manne da juna, tawada ta fara narkewa a gefe. Na yi kuka. Na fito da su warƙa warƙa na shanya a kan zani, na danne da tsakuwa, na zauna ina gadi kada hadari ya taso. Da suka bushe na buga ƙusa a sama kusa da rufi na rataye gafakar, na ce ba za ta ƙara taɓa ƙasan nan ba. Sannan na koma na kwantar da yaron a kan shimfiɗarsa, a kusurwar da na ɗauke gafakar, don ita ce nesa da ƙofa. Na gane ƙasan ɗakin ya ɓata takarda. Na ɗaga takarda, na bar shi.

Ki ɗaga shimfiɗa kowace safiya, duka, har ki ga katako. In rana ta fito ki fitar da tabarma da bargo. Kada ki cusa tsumma ko auduga a tsaga. Ki sa mijinki ya samo gado, ko na kara ne, ko benci biyu a haɗa, in dai yaron zai tashi daga ƙasa. In kina tsoron ya faɗo, ki kwanta a bakin gadon shi a jikin bango. Kuma ki riƙa duba kayan fata, takalmi ko gafaka ko layar wuyansa. Ranar da kika ga sun fara kore, to abin da ƙirjinsa ke shaƙa ke nan.

An gargaɗe ni. Ba zan tsaya gaban Allah in ce ban ji ba. Tun ranar da nake yaɓen Iya Abeke ta zo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, tana magana da yarensu. Da ta ga ban kula ba sai ta juya da 'yar Hausarta ta kasuwa, ta ce amarya, wannan ba kyau, ƙasa tana gumi, a bar mata ƙofa. Na yi mata murmushi na ci gaba. Bayan yaron ya fara tari ta sake zuwa, ta ɗauko sanda ta soki yaɓen ya huda, ta kama hannuna ta kai hancina bakin hudar. Warin ya buge ni har na ja baya. Ta nuna yaron, ta nuna ƙirjinta, ta ce, "Fasa shi, amarya. Yau."

Na ce mata to. Da ta tafi na kwaɓa ƙasa na liƙe hudar.

Kin san dalili? Tana warin kifi, tana tauna taba, ba ta sallah, kuma karenta ne. A raina na ce so take karenta ya koma inuwarsa. Na ga kamar ni mai karatu ba a bakin irinta zan koyi zaman ɗaki ba. Matar nan ta haifi takwas a wannan gida ta raya bakwai. Ni ɗaya gare ni.

In kin isa, ki nemi tsohuwar da ta fi daɗewa a unguwar, ko wace iri ce, ko me take bauta wa. Ki gaishe ta, ki kai mata ɗan cukwi cikin wanda na ƙulla miki. Ki ja ta ta zo ta duba ɗakin, ki tambaye ta inda ruwa ke kwanciya da watan da ya fi laima. Addininki yana hannunki, ba za ta ƙwace ba. Ƙasarsu kuwa ta fi ki saninta.

Akwai kuma kunya. Yayanki ɗan fari ne. A gida kin san yadda ake yi, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Amma a gida akwai kaka, akwai gwaggo, akwai 'yan uwa, yaro yana hannu daga safe har yamma, yana shan rana a tsakar gida, uwar tana kawar da kai tana jin daɗi a ɓoye. Ni na ɗauki kunyar na tafi da ita inda babu mai karɓarsa. Matan zango suna tsokanata, su ce amarya ina ɗanki, in ce wane ɗa, su yi dariya, su ce 'yar gidan mutunci. Don kada a ce na zaƙe, ba na goya shi in fita tsakar gida sai dole. In ba shi nono a ɗaki, in kwantar da shi, in ja ƙofa, in fito in yi daka da girki a waje cikin iska. Ni ina yini a waje. Shi yana yini a ciki, fuskarsa a kan tabarmar nan. A cikinmu uku ba wanda ya shaƙi ɗakin kamarsa.

Sunansa Idirisu. Ban taɓa kiransa da shi ba yana da rai.

Na ga yadda kike yi da Habu, kina miƙo mini shi kina kallon gefe, in ya yi kuka ki ce Inna ga mijinki nan yana kira. Ya yi kyau, ni na koya miki. Amma daga ranar da motar nan ta tashi, ki ajiye wannan. Can ba ni. Ki goya shi, ki fita da shi rana, ki kira sunansa, ki sa kunnenki a bayansa ki saurari numfashinsa ko a gaban wa. Wadda ta ce ba ki da kunya ki ce Innarki ce ta sa ki.

Tarin ya fara kamar na kowane yaro. Na ba shi rubutu, na shafa masa man shanu a ƙirji, na turara ɗakin, na ƙara rufe taga don hayaƙin ya zauna. Sai numfashinsa ya fara ƙara, kamar ana busa ƙaramin kara. Haƙarƙarinsa na shiga ciki in ya ja iska. Ya daina kama nono sosai, ya kama ya saki ya huta. Akwai asibitin mishan a garin, tafiyar da ba ta fi daga gidanmu zuwa kasuwar Tanut sau biyu ba. Iya Abeke ta ce za ta raka ni. Amma mahaifinki yana Kano, kuma bai bar mini izinin fita ba, don bai san za a buƙata ba. Na ce zan jira shi. Kwana tara na jira. Ina ganin ina kiyaye haƙƙin aure ne. Daga baya na tambayi malamai biyu, kowanne ya ce mini lalura irin wannan ba ta jiran izini, ko mijin ne da kansa ba zai so a jira ba. Na san karatun tsarki da na sallah dalla-dalla, wannan kuwa ban taɓa tambaya ba.

Ranar da mahaifinki ya dawo ko ruwa bai sha ba ya ɗauki yaron muka tafi. Ma'aikaciyar ta sa abin sauraro a bayansa, ta daɗe, ta tambayi kwana nawa. Da aka faɗa mata sai ta dube ni. Suka yi masa allura, muka dawo da shi ɗaki. Washegari bayan azahar ya cika, ana ruwa. Yana da shekara ɗaya da wata ɗaya. An binne shi a maƙabartar zango, kuma mahaifinki ya ce mini da suka haƙa, tun ba su kai gwiwa ba ruwa ya fara tarowa.

Bayan kwana bakwai, ina share ɗaki, ƙafata ta burma a kusurwar da yake kwanciya. Katakon ya ruɓe, ya zama kamar danƙo. Ɗan Iya Abeke kafinta ne, magidanci, shi ya zo ya fasa yaɓen. Na tsaya na gani da idona, don na ga bai kamata in kawar da kai ba. Ruwa ne kwance baƙi ƙirin. Cikin katakon daga ƙasa ya yi fari fat da fumfuna, wani wuri kamar auduga, wani wuri baƙi. Gara ta bi yaɓena ta hau ƙafafun ɗakin, ta cinye biyu. Ga sauro kamar hayaƙi. Macijin da nake tsoro kuwa babu shi.

Zan faɗa miki abin da mutumin nan ya yi, don shi ne ilimin da na samo, kuma na saye shi da tsada. Ya kwashe yaɓen gaba ɗaya ya kai nesa. Ya haƙa kwata kewaye da ɗakin ya ba ta mafita zuwa gangare. Ya kwashe laka da ruɓaɓɓen itace daga ƙarƙashi, bai bar ko ɓawo ba, ya ce shi ke kiran gara. Sannan ya bar wurin a buɗe kusan mako uku bai taɓa ba, sai da ya bushe. Bayan nan ya zuba tsakuwa da fasassun tukwane, ya bi da busasshen yashi da gawayi da toka, ya tada tsakiyar ta fi gefe tudu don kada ruwa ya samu wurin kwanciya. Ya canja ƙafafun da suka lalace, ya shafe su da kwalta, ya ɗora kowace a kan dutse. Tsagogin katakon da na cusa wa tsumma, ya bi su daga ƙasa da igiya da aka tsoma a kwalta, iska ta daina hurowa cikin ɗaki amma tana wucewa a ƙarƙashi. Saboda karen kuma, ya kewaye wurin da ragar waya. Kare bai ƙara shiga ba, agwagi ba su ƙara shiga ba, iska kuwa tana ratsawa daga gabas zuwa yamma. Aikin ragar nan bai ɗauke shi rabin yini ba. Da na tambaya tun farko, da abin da za a yi mini ke nan.

Na ji an ce a gidajen Turawa akan zuba siminti a ƙasan wurin tukuna, a tabbatar ya bushe, sannan a rufe gefe, kuma ba ya yin laima. Ban gani ba, ba zan ce miki ƙarya ne ko gaskiya ba. In mijinki ya zo da wannan magana, ki ce a kira wanda ya san aikin a garin. Abin da na sani da idona shi ne ba a rufe jiƙaƙƙiyar ƙasa. Matar nan da ta kwaikwayi yaɓena, na je da kaina ina cikin zaman makoki na roƙe ta ta fasa, ta fasa.

Kada ki ɗauka ina jayayya da hukuncin Allah. Kwanansa ne ya ƙare, ko a kan tudun Tanut yake da ya tafi a ranar. Yara sun mutu a zangon nan a ɗakunan da ba a yaɓe ba. Ba ni da tabbacin ɗakin ne, ba wanda ya ce mini shi ne. Amma ajali na Allah ne, sakaci kuwa nawa ne, kuma a kansa za a tambaye ni. Shekara ashirin da huɗu ina neman gafara a kai.

Saura abu ɗaya. Mijinki aikin mota yake bi, zai riƙa yin kwanaki a hanyar Faraku yana barinki. Na ce ba za ki tafi ba sai ya ba ki izini tun yanzu, a gaban shaida, cewa in yaro ya yi ciwo ki fita ki kai shi asibiti ba sai kin jira kowa ba, kuma ki fasa ko ki gyara duk abin da kika ga dama a ɗakin. Ni ba zan iya tarar suruki da wannan ba, sai mahaifinki. Shekaranjiya bayan la'asar na same shi yana gyaran igiyar guga, na faɗa masa buƙatata. Ya ce me ya kawo wannan, yaron kirki ne, ba zai hana ta ba. Na ce a dai faɗa da baki. Ya ce sai na gaya masa dalili.

Ban taɓa gaya masa Iya Abeke ta gargaɗe ni ba. Ya san yaɓen, ya san ruɓar, amma bai san an kama hannuna an kai hancina, na ce to, na koma na liƙe ba. Na faɗa masa duka, ina kallon ƙasa. Na shirya wa duk abin da zai ce.

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Ni ma ta faɗa mini. Ranar da na kawo miki ƙasar ta tare ni a ƙofar gida. Na ce mata sha'anin ɗaki na mata ne."

Muka zauna har aka kira magariba. Jiya da safe ya sa rigarsa ya tafi gidan surukanki, ya sami mijinki a gaban wansa, ya karɓo izinin. Mijinki ya ce ya ba ki, duk lokacin da kika ga dama, ko yana nan ko ba ya nan. Yanzu ba ki da abin jira. In Habu ya yi tari kwana biyu, ko kika ji numfashinsa na ƙara, ko kika ga haƙarƙarinsa na shiga, ki goya shi ki fita a ranar, ko ana ruwa.

In kun sauka kin samu mai zuwa Damagaram, ki aiko mini da layi biyu. Ba sai kin cika takarda da gaisuwa ba. Ki gaya mini kin durƙusa kin leƙa ƙarƙashin ɗakin, da abin da kika gani.

Allah ya raya Habu, ya ba shi ƙirji mai ƙarfi, ya sa ya dawo Tanut da ƙafarsa ya same ni. Allah ya tsare ki da mijinki daga sharrin ruwa da na ƙasa da na hanya, ya haɗa ki da maƙwabta masu faɗa miki gaskiya, ya ba ki kunnen jin ta. In kin yi sallah ki sa yayanki Idirisu a addu'a, ki sa Iya Abeke ma a cikin waɗanda kike tunawa da alheri. Ni kuma ki roƙa mini gafara.

Na bar ku a hannun Allah. Wassalam.

Innarki.